Abin da jijiyoyi ke koya a cikin ruwan ƙanƙara

A ƙasar Finlan, inda tafkuna kan daskare wata da watanni, akwai mutane da yawa da suka mai da shiga ruwan ƙanƙara al'ada: a fasa rami a saman tafki, a kafa tsani, mutum ya sauka har ruwa ya kai masa wuya, ya fito bayan ɗan lokaci kaɗan. A shekarar 2008 wasu masana na ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Juhani Leppäluoto na Jami'ar Oulu, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mata masu ƙoshin lafiya. Tsawon mako 12 matan suna shiga ruwan da ke tsakanin digiri 0 da 2 a ma'aunin Salshiyas, na sakan 20 kacal, sau uku a mako, ana ɗibar jininsu ana aunawa. Daga mako na huɗu zuwa gaba, sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi, ya ragu a kan yadda yake a makon farko. Amma wani sinadarin, noradrenalin, bai sauya hali ba: duk ranar da aka shiga ruwa sai ya ninka sau biyu zuwa uku, a makon ƙarshe kamar yadda ya yi a makon farko.

Jiki ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, amma sinadari ɗaya ya lafa, ɗayan ya ƙi. A ganina wanda ya gane dalilin wannan bambanci ya kama bakin zaren batun baki ɗaya, domin abin da muke kira sabo da sanyi abubuwa ne daban-daban da aka haɗa a kalma guda. Tsoron sanyi yana gushewa cikin 'yan kwanaki. Iya jure wa sanyin kansa kuwa yana ƙaruwa a hankali, kuma kaɗan yake ƙaruwa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce take halaka mutane.

Labarin yana farawa ne daga fata. A bakin ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata akwai wasu ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda kan buɗe idan zafin wurin ya sauka ƙasa da digiri ashirin da 'yan kai. Mafi muhimmanci daga cikinsu ana kiranta TRPM8, kuma a 2002 ne David Julius da Ardem Patapoutian suka gano ta, kowa a ɗakin bincikensa a Amurka. Aikinsu a kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓi ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2021. Wannan ƙofar ce mantol, sinadarin da ke cikin na'ana'a, ke buɗewa, shi ya sa wanda ya sha alawa mai na'ana'a yake jin sanyi a maƙogwaro alhali babu abin da ya yi sanyi a bakinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jin sanyi saƙo ne na jijiya, wanda zai iya dacewa da abin da ke faruwa a jiki, zai kuma iya saɓa masa.

Saƙon yana bi ta laka ya hau ƙwaƙwalwa, inda yake rabuwa. Wani reshe yana zuwa inda mutum ke sanin cewa yana jin sanyi. Wani kuma yana zuwa haifotalamus, wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwa wanda aikinsa ne ya riƙe zafin cikin jiki a kusa da digiri 37. Haifotalamus ba ya jiran shawarar mai jikin. Yana aika umarni ta jijiyoyin da ke aiki ba da izinin mutum ba, ta ɓangarensu mai zaburarwa, kuma daga bakin waɗannan jijiyoyi ne noradrenalin ke fita. Aikinsa na farko shi ne ya matse hanyoyin jinin da ke fata da yatsu, jinin ya koma ciki inda zuciya da huhu da hanta suke. Shi ya sa hannu ke ƙanƙarewa tun kafin sauran jiki ya san abin da ake ciki. Da jini ya taru a tsakiya, ƙarfin bugunsa yana hawa, ƙoda kuma tana ɗauka ruwa ya yi wa jiki yawa, sai ta shiga zubarwa, wanda shi ne dalilin yawan fitsari a lokacin sanyi. Idan matse jinin bai wadatar ba sai karkarwa ta biyo baya, kuma a iyakar ƙarfinta tana iya ninka zafin da jiki ke samarwa kusan sau biyar.

Hanyar kotizol daban take, kuma ta fi tsawo. Haifotalamus ne zai tura sinadari zuwa wata 'yar halitta da ke rataye a ƙarƙashinsa mai suna fitutari, ita kuma ta zuba nata sinadarin a jini, ya tafi har ga wasu halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su ne za su fitar da kotizol. Saƙon jijiya sakan kaɗan yake ɗauka, wannan kuwa sai an yi mintuna. Kotizol yana tara sukari a jini, yana shirya jiki don wahalar da za ta daɗe. Abin lura shi ne, wannan hanya ta fi kula da yadda ƙwaƙwalwa ta fassara abu fiye da girman abin. Baƙon al'amari, wanda mutum bai san inda zai ƙare ba kuma ba shi da iko a kansa, shi ne yake tayar da ita. Wani gwaji da aka yi a birnin Prag aka wallafa a 2000 ya fito da wannan fili. An zaunar da samari a ruwa mai digiri 14 har wuya na awa guda. Noradrenalin ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari, saurin ƙona abinci a jiki da kashi 350, amma kotizol bai ƙaru ba. Jikinsu yana cikin aiki tuƙuru, ƙwaƙwalwarsu kuma ta san suna ɗakin gwaji ne, a hannun mutanen da za su fitar da su.

Da wannan za a iya komawa ga matan Finlan. A makon farko ramin ƙanƙarar baƙon abu ne, shi ya sa kotizol ya fi yawa a lokacin. Zuwa mako na huɗu ƙwaƙwalwa ta riga ta san sakan 20 ne a fito, sai ta daina buga gangar yaƙi. Noradrenalin kuwa aiki yake yi na zahiri, domin ruwan digiri 1 yana zuƙe zafin jiki a yau kamar yadda ya zuƙe shi jiya, kuma dole a rufe hanyoyin jinin fata ko mutum yana tsoro ko ba ya yi. Wani gwaji da Leppäluoto ya riga ya wallafa a 2001 ya ƙara haske a nan. Ya zaunar da maza a ɗaki mai iskar digiri 10, awa biyu kullum, kwana 11. A wannan karon noradrenalin ɗin ma ya ragu, mutanen suka rage jin sanyi, fatarsu ta fi ɗumi. Wato idan sanyin bai kai na kisa ba, jiki kan sassauta har da matse jinin. Amma fata mai ɗumi a ɗaki mai sanyi fata ce da ke zubar da zafi fiye da da. Mutum ya fi jin daɗi, kuma ya fi asarar zafi. Mu da sanyinmu bai wuce na hunturu ba mun san ɗan ƙaramin nau'in wannan: wankan asubar farkon ɗari ya fi na ƙarshensa wuya, ko da ruwan randar bai sauya ba.

Inda aka fi nazarin wannan sabo shi ne mintunan farko na faɗawa ruwan sanyi, kuma a nan ya kamata a dakata, domin nan ne rayuka suka fi salwanta. An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya faɗa teku mai sanyi saukar zafin jiki ce ke kashe shi. Frank Golden, likitan sojojin ruwan Birtaniya, da Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth suka nuna cewa babban mutum yakan ɗauki aƙalla rabin awa kafin zafin cikinsa ya sauka zuwa matakin haɗari, alhali da yawa cikin masu mutuwa ba sa kai minti biyar. Ruwa yana janye zafi daga fata fiye da iska kusan sau 25. Idan fatar jiki duka ta yi sanyi a lokaci guda, saƙonnin suna yi wa ƙwaƙwalwa yawa, sai mutum ya ja wani dogon numfashi ba da sonsa ba, na lita biyu zuwa uku, sannan ya shiga haki wanda ba ya iya tsayarwa. Wanda kan iya riƙe numfashi na minti guda a tudu, a cikin wannan ruwa sakan goma ma yakan gagare shi. Idan kansa yana ƙarƙashin ruwa lokacin da wannan jan numfashi ya zo, zance ya ƙare, komai iya iyonsa. Wannan firgicin yana kai ƙololuwarsa a ruwan digiri 10 zuwa 15, yana kuma lafawa da kansa cikin minti ɗaya zuwa uku.

A cikin waɗannan mintuna akwai wani haɗari na biyu da ya shafi zuciya kai tsaye. Sanyin fatar jiki yana sa ɓangaren zaburarwa ya umarci zuciya ta yi sauri. Amma idan ruwan ya taɓa fuska kuma mutum ya riƙe numfashi, wani tsohon martani da muke tarayya da dabbobi masu nutso yana tashi, inda jijiyar bagus, ta ɓangaren kwantarwa, take umartar zuciya ta rage gudu don a tattala iska. Umarni biyu masu karo da juna suna isa zuciya a lokaci guda, kamar a zaburi doki ana kuma ja masa linzami. Tipton da Michael Shattock sun bayyana wannan karo a 2012 a matsayin abin da ke rikita bugun zuciya. A yawancin matasa masu lafiya rikicewar kan wuce ba tare da illa ba. Ga mai ciwon zuciya, ko wanda aka haifa da matsalar bugu bai sani ba, tana iya zama ajali.

Wannan firgicin shi ne ɓangaren da ya fi saurin koyo a dukkan al'amarin. Shiga ruwan sanyi sau biyar ko shida, na minti uku-uku, yana rage hakin da saurin bugun zuciya kusan rabi, kuma ragin yana nan bayan watanni, wani ɓangarensa har fiye da shekara. Tambayar ita ce ina koyon yake zaune, a fata ko a ƙwaƙwalwa? A 1998 Tipton da abokan aikinsa suka amsa ta da wata dabara mai kyau. Suka riƙa tsoma gefe ɗaya kawai na jikin mutum a ruwan sanyi, ɗaya gefen bai taɓa ruwa ba. Da aka zo aka gwada gefen da ba a horar ba, sai aka tarar shi ma ya rage firgita. Ashe fata tana ci gaba da aika saƙonta kamar kullum, mai karɓar saƙon ne ya rage masa muhimmanci. Saboda koyon a ƙwaƙwalwa yake, tsoro yana iya warware shi. Gwaje-gwajen da Martin Barwood ya jagoranta sun nuna cewa idan aka jefa fargaba a zuciyar wanda ya riga ya saba, firgicin yana dawowa da ƙarfinsa. Wannan ya dame ni ƙwarai da na fahimce shi, domin ma'anarsa ita ce sabon da mutum ya samu a tafkin da ya sani, da tsani a gabansa, ba lallai ya bi shi ba ranar da kwale-kwale ya kife da dare.

Ƙwaƙwalwa tana iya yin gaba da sanyin ma. Lewis Pugh, wanda a 2007 ya yi iyon kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya cikin minti 18 da sakan 50, a ruwan da ke ƙasa da digiri 0, an auna zafin cikinsa yana haura digiri 38 tun yana tsaye a bakin ruwa bai shiga ba. Shekaru na maimaici sun sa ganin ruwan kaɗai yana tayar da jijiyoyin zaburarwa.

Sauyin da ya wuce rage firgita, wanda ya taɓa yadda jiki ke samar da zafi ko riƙe shi, yana bukatar sanyi mai tsanani na tsawon lokaci, kuma ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Wasu matan gaɓar teku a Koriya ta Kudu, waɗanda ake kira haenyeo, suna nutso cikin teku ba tare da tukunyar iska ba don ɗebo abincin ruwa. A shekarun 1960, lokacin da Suk-Ki Hong ya yi nazarinsu, da tufafin auduga suke shiga ruwan da kan sauka zuwa digiri 10 a lokacin sanyi, suna aiki har zafin cikinsu ya kusa digiri 35. Ya tarar saurin ƙona abinci a jikinsu, ko suna hutawa, yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a lokacin sanyi, kuma ba sa fara karkarwa sai ruwa ya yi sanyin da ya wuce wanda ke sa sauran mutane karkarwa. A shekarun 1970 suka koma sa rigunan roba na nutso. Cikin 'yan shekaru, da aka sake auna su, bambancin ya ɓace. Abin da suka shafe rayuwa suna ginawa bai zauna ba da sanyin ya daina taɓa fata.

'Yan asalin hamadar tsakiyar Ostireliya wata hanyar jikinsu ya bi. A ƙarshen shekarun 1950 Per Scholander da Ted Hammel suka kwana tare da su a daren da sanyi ke kusantar digiri 0. Turawan suka kwana suna karkarwa, barci ya gagare su. Mutanen wurin kuwa suka yi barcinsu, fatarsu ta yi sanyi sosai, zafin cikinsu ya ɗan sauka, jikinsu bai ƙara ƙona abinci ba. A ƙasar da abinci ke da wuyar samu kuma rana za ta fito da zafi da safe, barin jiki ya ɗan huce ya fi arha a kan kwana ana karkarwa. Mutanen Yakut na Saiberiya, inda aka taɓa auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a garin Oymyakon a 1933, akasin haka ake samu a wurinsu: jikinsu yana ƙona abinci fiye da yadda girmansu ya nuna, kuma sinadaran halittar nan ta wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, suna da hannu a ciki. Duk da haka, abin da ya raya mutanen Yakut da Inuwit, mazauna yankin ƙanƙara na arewacin Kanada da Girinlan, shi ne fatun dabbobi da gidaje da wuta da abinci mai maiƙo. Ɗan Adam halittar ƙasa mai zafi ce, kuma bai daina zama haka ba ko a ina ya sauka.

Akwai kuma kitse mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aikinsa ƙona mai ne don samar da zafi kai tsaye ba tare da karkarwa ba, kuma noradrenalin ne ke kunna shi. An daɗe da sanin jarirai suna da shi. A 2009 aka tabbatar da cewa manya ma suna da shi a gindin wuya da saman kafaɗa, sannan a 2013 masana a Jami'ar Maastricht ta Holand suka nuna cewa zaman awa shida kullum a ɗaki mai digiri 15 zuwa 16, na kwana goma, yana ƙara masa aiki. Gaskiya ne, amma yawansa a jikin babba kaɗan ne, kuma zafin da yake bayarwa bai kama ƙafar abin da ruwan ƙanƙara ke ɗauka ba. Masu tallar wankan ƙanƙara a intanet suna yawan ambaton wannan kitse, suna yin shiru a kan ƙanƙantarsa.

Hausawa suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma maganar ta dace da wannan wuri daidai. Wanda ya saba ba ya jin zafin sanyi kamar da, yana jinkirin fara karkarwa, don haka yakan daɗe a ruwa, alhali zafin cikinsa yana sauka kamar na kowa, wani lokaci ma ya fi sauri. Ƙararrawar da za ta ce masa ya fita ita ce aka rage wa sauti. Da zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35, ƙwaƙwalwar da za ta yanke shawarar fita ta fara rikicewa. Tsakanin digiri 32 da 30 karkarwa kan tsaya. A wannan mataki wasu sukan ji kamar zafi ya dame su har su tuɓe tufafi, shi ya sa akan tsinci gawar wanda sanyi ya kashe a cikin dusar ƙanƙara da kayansa a yashe a gefe.

Jijiyoyin hannu da ƙafa su ne suka fi kowa rashin rabo a wannan koyo. Sanyi yana rage saurin tafiyar saƙo a cikinsu. Idan fatar yatsu ta sauka ƙasa da digiri 15 aikin hannu yana lalacewa, a kusa da digiri 7 ko 8 kuma ji yana ɗaukewa, ta yadda mutum ba zai iya kama igiyar da aka jefa masa ba. Jiki yana da ɗan kariya: a 1930 Thomas Lewis ya lura cewa yatsan da aka tsoma a ruwan ƙanƙara, bayan mintuna, hanyoyin jininsa kan buɗe na ɗan lokaci su sake rufewa, a kai a kai. A wurin masunta na yankin Gaspé a Kanada, waɗanda Jacques LeBlanc ya yi nazarinsu, an tarar hannunsu ya fi ɗumi a ruwan sanyi kuma ba sa jin zafinsa kamar sauran mutane. Sai dai wannan buɗewar ba ta da ƙarfi ɗaya a wurin kowa. Bincike ya nuna ta fi rauni da jinkiri a mutanen da asalinsu Afirka ne, kuma bayanan asibitocin sojojin Amurka da na Birtaniya sun nuna baƙaƙen fata sun fi abokan aikinsu kamuwa da raunin sanyi a hannu da ƙafa nesa ba kusa ba. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke Rasha da Kanada da arewacin Turai ya kamata su san wannan, musamman masu aikin waje, domin bayan shekara ɗaya ko biyu za su ji sun saba, kuma jin nasu gaskiya ne ta fuskar ƙwaƙwalwa, amma yatsunsu ba su samu labari ba.

Raunin ba ya bukatar nama ya daskare. Ƙafar da ta shafe awoyi da yawa a cikin jiƙaƙƙen takalmi, a sanyin da bai kai na ƙanƙara ba, tana iya rasa jini har ƙananan jijiyoyinta su lalace, cutar da ta kwantar da dubban sojoji a ramukan yaƙin duniya na ɗaya, ta kuma sake bayyana a yaƙin tsibiran Falkland na 1982. Jijiyar da ta ji irin wannan ciwo koyon baya take yi. Bayan an warke, ɗan sanyi kaɗan ya isa ya rufe hanyoyin jinin ƙafar na awoyi, ya tayar da zugi da raɗaɗi da dare, kuma akwai waɗanda ke fama da haka shekaru da yawa bayan kwana ɗaya ko biyu da suka yi a fili da jiƙaƙƙiyar safa.